Tayar Ɓera da Sunayen Gidan Yamta

Umarari, Maiduguri
7 ga Yuni, 1999

Zuwa ga ƙanena Manasse,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Mama Rose, kuma gwiwar nan tata ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. An yi ruwan farko ranar Laraba, zafi ya ɗan sake mu. Maigida Joseph tun da ya yi ritaya ya zama manomin tumatir a bayan gida, tushe bakwai ne duka, amma in ka ji yana ba da labarinsu sai ka ɗauka fadama gare shi. 'Yarmu Edith ta koma kwaleji.

Na san rabona da rubuta maka tun Kirsimeti, kuma ga shi bukata ce ta kawo ni. Ka yi haƙuri da yayarka.

An kawo mana kwamfuta ofishin coci. Dokta Thomas, wanda ke koyarwa a jami'a, shi ya taho da ita daga ƙasar waje ya ba ikilisiya. Shekarata ashirin da biyu ina buga tafireta a ofishin nan, amma da injin ya iso sai wasu a kwamiti suka fara cewa a nemo yarinya mai satifiket. Fasto ya ce musu da tsohuwar zuma ake magani. Dokta ya zauna da ni kwana uku, ya koya mini kunnawa da bugawa da adanawa da kashewa. Ya nuna mini maɓallan da ke gefen dama ya ce kada in kuskura in taɓa su, wai akwai ɗaya a cikinsu da ya taɓa share wa wani aikin shekara guda. Na yanko kwalin sukari na rufe su, na manne da salatif. Daga nan Dokta ya tafi Ibadan bincike, sai baɗi.

Akwai wani abu mai wutsiya da ake ja a kan tebur. Dokta ya ce sunansa maus, wai ɓera ke nan, ni ma ɓera nake ce masa. A gadon bayansa akwai 'yar taya, in ka murza ta rubutu ya yi sama ko ya yi ƙasa, daidai yadda nake murza takarda a tafireta. Ita kaɗai na gane tun ranar farko, ita ta sa na saki jiki da injin.

To, ga inda maganar take. Ba ka san Baba Pindar ba, shi ne mafi tsufa da ya rage a zuriyar Yamta, kakan mahaifiyata. Yana Gwange wurin 'yarsa Salomi. Tun watan Fabrairu, Talata da Alhamis in an tashi aiki, Salomi ke kawo shi ofis da izinin Fasto. Yakan zauna ya dogara da sandarsa yana lissafo sunayen gidanmu tun daga Yamta, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ina aka binne wa, ni kuwa ina bugawa. Shafi sittin da huɗu muka yi. Za a karanta su a taron dangi a Marama, can ƙasarmu ta Bura, Asabar ta ƙarshe a watan Agusta.

Mako biyu ke nan tayar ɓeran tana yi mini gardama. Da farko takan cije sai na danna, yanzu kuwa ta ƙi motsi sam. Ba na so kwamiti su ji, ka san dalili. Kai da ke aiki da injunan nan a maɗaba'a, ka gaya mini abin da zan yi. Ka ba Madu direba amsa, motarsa na tashi daga Kaduna duk Juma'a.

Taka,
Yaya Dorothy

Kakuri, Kaduna
16 ga Yuni, 1999

Yaya Dorothy,

Na gaishe ki, na gai da Baba Joseph da gonarsa mai tushe bakwai. Mama ta ji daɗin gaisuwarki, gwiwa da sauƙi, har ta je zumuntar mata da ƙafarta ranar Alhamis. Ni ma lafiya, sai aiki da ya yi mana yawa. Lokacin jarrabawa ne, kowace makaranta na son takardunta jiya.

Wato Yaya ta shiga zamani. Na karanta wa abokan aikina zancen kwalin sukari, sun yi dariya har da riƙe ciki, amma babban ogan namu ya ce da kowa na da tsoronki da ba a yi asarar aiki ba a duniya.

A tsaye nake rubuta wannan, lokacin cin abinci ne, don haka zan taƙaita. Ciwon ɓeranki ƙarami ne, yawanci kura ce ke shiga ciki ta taru. Ki kashe injin tukuna. Ki kifa ɓeran, za ki ga wani zobe a cikinsa, ki murɗa shi hagu, ƙwallo zai faɗo. Ki wanke ƙwallon da sabulu ki bar shi ya bushe. Ita kuma tayar, ki naɗa auduga a tsinken ashana ki goge gefe da gefenta, ki hura sosai. Ba mai. Sai ki mayar da komai ki gwada.

Labarin Baba Pindar ya tsaya mini a rai. Kin san ina da shekara shida mahaifina ya rasu, Mama kuma mutuniyar Kagoro ce, ba ta taɓa taka ƙasar Bura ba. Abin da muka sani kawai shi ne abin da marigayiya mahaifiyarki ta gaya wa Mama da suka haɗu a taron mata a Jos, cewa mahaifina, Wilson na reluwe, ɗan gidansu ne. Ta wace hanya, ba ta faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. A kan wannan kalma ɗaya nake ce miki Yaya shekara goma sha ɗaya. Ni ko gaisuwar Bura ban iya ba.

Shi ne na ce, in ba damuwa, ko kin tuna Baba ya ambaci wani Wilson a cikin shafukan nan? Ba wani abu ba ne, tambaya ce kawai. In babu ma ba komai.

Ƙanenki,
Manasse

Umarari, Maiduguri
28 ga Yuni, 1999

Manasse,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama Rose. Mu nan jiki lafiya. Tumatir ɗaya ya nuna, an ci shi da addu'a.

Kafin komai, kai da ke aikin ɗab'i, ina ka kai ƙugiyar haruffanka? Ka rubuta mini wai kura ce ta shiga cikin ɓera. Na karanta wa Joseph, ya ce lallai Kaduna ta ci gaba, a nan Borno ɓera ne ke gudun kura, ba ya haɗiye ta. Na gane ƙura kake nufi. Ni shekara ashirin da biyu ina bin kowace takarda da biro ina sa wa haruffa ƙugiya, don tafireta ba ta da su, kai kuwa da biron a hannunka ka kasa.

Na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Na wanke ƙwallo, na goge taya, na hura. Da na zo inda ka ce a ba shi mai, na ce yauwa, ashe duk injin duniya ɗaya ne. Na ɗauko man keken ɗinki da nake sa wa tafireta duk Juma'a, na ɗiga masa uku a kowane gefe, da na ga bai motsa ba na ƙara biyu. Yanzu tayar tana juyawa sumul, ba ta taɓa yin laushi haka ba. Amma rubutun ko gezau.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya maka abin da na ɓoye a wasiƙar farko. Manasse, tsoro nake ji. In na buɗe aikin Baba, shafin farko kaɗai nake gani, daga Yamta zuwa 'ya'yansa uku na fari, sai rubutun ya yanke a bakin gilashi. A tafireta in takarda ta maƙale a rola ka matsa mata, yagewa take yi. Na murza tayar nan da ƙarfi kwana da kwanaki kafin in rubuta maka. Ina jin na yage sauran shafi sittin da uku a cikin injin. Firinta ba ta iso ba tukuna, don haka ko shafi ɗaya babu a takarda, ban kuma rubuta komai da hannu ba, daga bakin Baba sai yatsuna.

Da a ce zan iya dawo da shi ya sake faɗa, da ban damu ba. Amma tun zazzaɓin da ya yi a watan Mayu, Baba ba shi ne Baban Fabrairu ba. Ranar Lahadi na je gaishe shi, ya tambayi Salomi sunan mahaifiyarta, matar da ya zauna da ita shekara hamsin. Abin da ya zuba mini a watanni ukun nan, ya zuba ke nan, babu saura a kansa. Duk da haka bai manta akwai takarda ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Dorothy, mutanena suna nan?" Na ce suna nan, Baba. Allah ya gafarta mini in ƙarya na yi.

Batun tambayarka. Ka san mai buga tafireta, kunne ke ji, yatsa ke bugawa, kai kuwa yana kasuwa yana cefane. Sunaye sun fi ɗari huɗu, ban riƙe ko rabinsu ba. Amma Wilson suna ne da zan ji ya dake ni, kuma gaskiya ban ji shi ba. Ba zan yi maka ƙarya don in faranta maka ba.

Ka amsa mini da motar Juma'a. Ko Joseph ban gaya wa ba.

Yayarka,
Dorothy

Umarari, Maiduguri
20 ga Yuli, 1999

Manasse ƙanena,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Juma'a uku ke nan ina zuwa tasha ina dawowa hannu wofi. Madu ma ban gan shi ba, an ce motarsa na gyara. Wannan ta gidan waya zan aiko ta.

Na zauna na tuna abin da na rubuta maka, na ga bakina ya yi kaifi. Ka tambaye ni abu mai nauyi cikin wasa, ni kuma na amsa maka kamar mai cike fom. In shi ya sa ka yi shiru, ka yafe mini. Ko sunan mahaifinka yana cikin injin ko ba ya ciki, mahaifiyata ba ta taɓa kiran bare ɗan gida ba, ni ma ba zan fasa ce maka ƙane ba.

Ɓera yana nan yadda yake. Wasiƙun ofis da tsarin sujada har yanzu a tafireta nake buga su, don haka ba wanda ya lura. Kullum in an tashi sai in buɗe aikin Baba in kalli Yamta da 'ya'yansa uku, in rufe. Na gaya wa Joseph daga baya. Bai yi faɗa ba, ya ce mu je wurin masu kwamfuta na wajen gidan waya, na ce rabinsu yaran cocinmu ne, kafin in iso gida labari ya riga ni. Ya ce girman kai ne, kuma ina jin gaskiyarsa.

Salomi ta riga ta ɗinka wa Baba riga ta zuwa Marama. Saura mako biyar da 'yan kwanaki. In ba ka da niyyar amsawa, ka aiko ko da layi ɗaya ne ka ce kana lafiya.

Dorothy

Kakuri, Kaduna
29 ga Yuli, 1999

Yaya Dorothy,

Lafiyarmu ƙalau, ni da Mama, kuma ba wanda ya yi fushi da ke. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, jiya Laraba. Motar Madu ta lalace a Potiskum, ta farko a cikin biyun ta yi wata guda a aljihun motar tare da goro da tsofaffin rasit. Ya kawo ta da kansa yana ta ba da haƙuri. Ni kuma duk tsawon lokacin nan na ɗauka tambayata ce ta sa ki jin nauyi kika rasa yadda za ki ce mini babu. Kowa ya zauna yana zargin bakinsa.

Ki fara karanta wannan, ki karanta sau biyu. Shafukan Baba suna nan, ko harafi ɗaya bai yage ba. Babu takarda a cikin injin, babu rola. Gilashin nan kamar taga ne, tayar kuma matsar da tagar kawai take yi. Ko ki jefa ɓeran a kogin Ngadda, sunayen ba za su san an yi ba. Ki ɓare kwalin sukarin nan, a ƙasa za ki ga kibiyoyi huɗu. Ki danna mai kallon ƙasa ki riƙe, za ki ga rubutu na tafiya. Kibiyoyi ba sa share komai. Sauran maɓallan da ke samansu ki mayar musu da kwalinsu in kina so. Da kin gaya mini tsoronki tun farko, da ba ki yi wata biyu kina ɗauke da shi ke kaɗai ba, abin ya dame ni ƙwarai.

Sai batun mai. Yaya, "ba mai" na rubuta, wato babu mai, kada a sa. Ke kuma kika karanta a ba shi mai. Na duba na ga laifina ne, kalma biyu na yi wa rowa. Tafireta ƙarfe ce, tana son mai. Shi wannan, a jikin tayarsa akwai wasu ƙananan haƙora da ke wucewa ta gaban wani ɗan ido mai haske, yana ƙirga su. In datti ya toshe tsakanin haƙoran, idon ba ya ganin komai. Mai kuma ya haɗu da dattin ya zama kunu, ya kuma sa robar tayar tana sulɓewa ita kaɗai.

Wannan karon a zaune nake, kuma zan sa kowace ƙugiya. Ki kashe injin, ki zare wutsiyar ɓeran daga bayansa, ki lura da ramin da kika zare ta. Ki cire ƙwallo. A cikin ɓeran akwai kusa mai bakin tauraro, wataƙila tana ɓoye ƙarƙashin 'yar takardar da aka manna. Ki kwance ta, ki ɗaga murfin daga baya a hankali. Kafin ki taɓa komai, ki zana yadda tayar ta zauna. Akwai ɗan siririn sifirin, wata 'yar waya naɗaɗɗiya, a ƙarƙashinta, yana tsalle, ki sa masa ido. Ki ɗaga tayar, ki zare robarta ki wanke da sabulu. Haƙoran ki bi su da tsinke ɗaya ɗaya, sannan auduga da sifirit na kemis. Idon ma ki shafe shi da sifirit kaɗan. Ki bar komai ya bushe awa guda. Kada ki sa mai. Kada ki sa mai ko ɗigo ɗaya.

Abin da kika ce game da Wilson, ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Na fi son gaskiyarki, amma na ji. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na daɗe ina tsoron haka ne ya same mu. Na karanta wa Mama, sai ta ce ai Wilson sunan baftisma ne, a makarantar mishan ya ɗauka. Ta ce sau biyu ta taɓa jin wani mutumin garinsu a wurin aikin reluwe ya kira shi da wani suna, shi kuma ya amsa yana dariya. Ta yi ta juya shi a baki har ta kamo shi, wai Anjikwi. Ba ta da tabbas. Kada ki wahalar da kanki, amma in kin bi ta kansa ki gaya mini.

Na ba wani fasinja ɗan cocinku wannan, ya yi alkawarin sa ta a hannunki ranar Lahadi.

Ƙanenki,
Manasse

Umarari, Maiduguri
9 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Manasse,

Alheri da salama su tabbata gare ka da Mama Rose. Mu nan lafiya, lafiya irin wadda na manta da ita. Joseph ya ce in gaya maka matarsa ta dawo cin abinci.

Wasiƙarka ta shigo hannuna bayan sujada. Ban jira Litinin ba, na karɓi makullin ofis na shiga da kayan cocina. Na ɓare kwalin sukari, na danna kibiyar da ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a wuta. Sai ga ɗan Yamta na huɗu ya leƙo daga ƙasan gilashi, sai na biyar, sai matansu. Na kifa kai a tebur na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa. Da na kai shafi na uku na tsaya. Na ce sauran da tayata zan gan su, ni na ɓata ta, ni zan gyara.

Sukundireban tafireta duk masu faɗin baki ne, don haka ranar Talata na naɗe ɓeran a hankici na hau acaɓa zuwa Gwange, wurin Malam Umara mai gyaran agogo, maƙwabcin su Salomi. Na ce aron sukundireba na zo, ba gyara ba. Ya ce kayan aikinsa ba sa fita, amma ga benci. Sai na zauna a rumfarsa na baje wasiƙarka, shi yana karɓar agogon mutane yana satar kallona. Kusar tana ƙarƙashin takarda kamar yadda ka ce. Da murfin ya buɗe, ya saka gilashinsa na ido ɗaya ya leƙa, ya yi mini sannu irin ta Borno ya ce, "Wushe, Madam. Wannan ɓera ya fi ƙosai shan mai."

Abin da na fitar daga cikin ɗan abin nan, ba za ka yarda ba. Ɓawon gyaɗa, don ina ɗan taunawa in ina aiki, da zaren ɗankwalina shuɗi da ya naɗe gindin tayar, da wani baƙin danƙo da na san nawa ne. Na yi zanen da ka ce. Sifirin ɗin kuwa duk gargaɗinka sai da ya yi tsalle. Mun neme shi mu uku har da wani mai jiran agogo, ƙarshe a kofin shayin Malam Umara aka same shi. Na bi haƙoran nan da tsinke, na ƙirga su don kada in tsallake, na wanke roba, na shafe ido. Da na mayar da komai, Malam Umara ya murza tayar kusa da kunnensa ya ji tana ƙas ƙas, ya ce in na gaji da coci akwai wuri a bencinsa.

Na koma ofis na mayar da wutsiya raminta, na kunna. Na murza sau ɗaya, rubutu ya tafi. Ban taɓa sanin akwai daɗi a abu ƙarami haka ba.

Daga nan na shiga nemanka. Wannan karon da kaina nake karantawa, ba da yatsu ba, na ga mutane da yawa da na buga ban gaisa da su ba. Na wuce shafi hamsin babu Anjikwi, har na fara shirya yadda zan gaya maka. Ashe Baba ya bi 'ya'yan uwargida da jikokinsu har ƙarshe kafin ya koma kan 'ya'yan ƙaramar matar Yamta. A shafi na sittin da ɗaya na same shi. Ga shi yadda ya fito daga bakin Baba, ban canja komai ba sai ƙugiya da na sa:

"Anjikwi, autan Yamta. Ya tafi aikin reluwe Kaduna, bai dawo ba. An ce ya bar ɗa namiji. Ban san sunan yaron ba, amma a bar masa layi, namu ne."

A ƙarƙashinsa akwai ɗige-ɗige daga wannan gefe zuwa wancan, irin wanda nake yi a fom inda za a sa hannu. Da na gani na tuna ranar, har na tuna Baba ya tsayar da ni ya tambaya ko na bar layin, na ce na bari. Ni na buga shi da yatsuna tun watan Afrilu, ina rubuta maka wasiƙa, ban san kai ne ba.

Washegari na je wurin Baba. Ranar ba ta kirki ba ce, ya ɗauke ni malamar asibiti. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce Anjikwi. Sai ya yi murmushi ya ce wannan yaron da ba ya rabuwa da yin fito, ya tambaya ko ya dawo. Na ce bai dawo ba, amma an ga ɗansa. Ya ce, "To a ba shi ruwa." Salomi ta fita waje tana share ido.

Yanzu ka lissafa da kanka. Yamta ya haifi kakana, ya haifi mahaifinka. Kai da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. Wato shekara goma sha ɗaya ina aiken kawuna, ina yi masa faɗa a kan ƙugiya. Joseph ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi ma sai ya cire hula in ka zo.

Kuma za ka zo. Firinta ta iso, Fasto ya ce a buga ranar Laraba ashirin da biyar ga wata, mu kama hanyar Marama ranar Juma'a. Ka taho da Mama Rose in gwiwa ta yarda, ka taho da biro mai kyau, don injin ma ba shi da ƙugiya, shafi sittin da huɗu na jiranmu. Gaisuwar Bura ba ta da wuya, in an ce maka usa ka ce usa, sauran za ka koya a mota.

Layin nan ban cike shi ba. Na ɗora yatsuna sau biyu na janye. Ɓera na aiki, zan murza maka har shafi na sittin da ɗaya, in tashi in ba ka kujerar. Ka buga sunanka da hannunka, Kawu.

'Yarka,
Dorothy